Tsoho Mai Keke a Labarin Lurwanu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da biro ɗaya ke kai yaro ƙarshen zango. Ana ce masa Malam Ilu. Tsohon malamin firamare ne da ya ajiye aiki, ba shi da komai sai keke da zaure. Duk dogon hutu sai ya share zauren nan, ya shimfiɗa tabarmi, ya tara samari da 'yan mata masu tasowa yana koya musu rubuta labari, don Allah kawai. In hutu ya zo ƙarshe, sai a tara iyaye a filin makaranta a karanta labarin da ya fi kowanne. Ɗaya tak ake karantawa, kuma shi ke zaɓa.

A cikin yaran akwai wani Lurwanu, ɗan Alhaji Mati mai hatsi. Uban mutum ne mai zafi, kullum cewa yake rubutun labari aikin wanda ya rasa abin yi ne. Yaron kuwa bakin ƙofa yake zama, ya zo da farar takarda, ya koma da farar takarda. Malam ya lallaba, ya roƙa, ya yi addu'a, ko layi ɗaya bai samu ba.

Wata rana Malam ya ba su aiki. Ya ce, "Kowa ya je ya zaɓi mutum mai rai, ya zuba masa ido, ya rubuto shi yadda za mu gane shi ba tare da an faɗi sunansa ba."

Ku saurara, jama'a. Shi ya kafa dokar nan da bakinsa.

Da aka dawo, sai ga Lurwanu da takarda cike, gaba da baya. Ya karanta labarin wani tsoho mai keke. Tsohon nan in zai hau keke sai ya ɗaure ƙafar wando da roba, ya manta bai kwance ba, haka zai shiga masallaci, haka zai je ɗaurin aure. In keken ya ƙi hawa tudu sai ya sauka ya yi masa faɗa kamar jaki. In ya ɗauko labarin yunwa, kafin ya dire ya faɗa labarin tsadar goro, bai san ya sauya hanya ba. Yara suka dinga faɗuwa a kan tabarma don dariya, suna satar kallon Malam. Malam kuwa ya fi kowa dariya, har da share hawaye.

Ya ce, "Kai, Lurwanu! Ashe da magana a cikinka? Wannan tsoho a wace unguwa yake? Ina so in gan shi."

Zaure ya sake kaurewa da dariya. Malam ya ɗauka daɗin labari ne. Ya ce, "Ka ci gaba da bin sa. Ka dubo mana yadda yake cin goro."

Allah Sarki. Ya shiga gida da murna, ya iske matarsa Yahanasu tana tankaɗe, ya zauna ya karanta mata. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye rariya ta ce, "Malam, don Allah dubi ƙafarka."

Ya duba. Ga roba ɗaure a ƙafar wando.

Daga nan kan bawan Allah ya ɗaure. Abin da ya kasa ganewa shi ne, raini ne ko ƙauna? Ya sake karanta labarin. A wuri ɗaya tsohon abin dariya ne zalla, sai ransa ya ɓaci ya ce raini ne. Ya juya shafi, sai ga tsohon tsaye a ƙofar zaure cikin ruwan sama yana jiran wani yaro da bai zo ba, sai jikinsa ya yi sanyi ya ce a'a, ƙauna ce. Ya koma farko, ran ya sake ɓaci. Ya tambayi ladan, ladan ya ce, "Raini ne tsagwaronsa, ka kore shi." Ya tambayi abokinsa tela, tela ya ce, "Haba Malam, wa zai zauna ya ƙare maka kallo haka in ba ya son ka?" Ya dawo gida ya fi yadda ya fita ruɗewa.

To me zai hana ya tambayi yaron? Na ji wani a baya ya ce haka. Ai Malam ya san yaronsa. In ya tsare shi ya ce me kake nufi, shi ke nan, takarda za ta koma fara, kuma ba za ta sake cika ba har abada.

Ga kuma ranar taro ta matso. Akwai wata yarinya, Kubura, da ta rubuta labarin rijiyar unguwarsu, mai kyau sosai. In ya zaɓi nata babu mai zarginsa, mutuncinsa ya tsira. Ya ajiye labaran biyu a gabansa, ya karanta wannan, ya karanta wancan, yana fatan na Kubura ya fi. Ya sake karantawa da wannan fatan. Bai fi ba. Zuciyarsa ta ce wa zai sani? Ya ce Allah zai sani, kuma ni ma na sani.

Ya kira Lurwanu gefe ya ce, "Naka za a karanta. Na gane tsohon. Haƙƙina ne, na yafe. Amma duk ranar da za ka rubuta wani ba ni ba, sai ka nemi izininsa tukuna."

Yaron ya sunkuyar da kai. Kunya ce, ko dariya yake dannewa? Malam ya kasa ganewa.

Ranar taro fili ya cika. Lurwanu ya tashi ya fara karantawa. Bai yi nisa ba dariya ta ɓarke, duk wuya ya juyo wajen Malam Ilu. Wasu har nuna shi suke yi. Gumi ya jiƙa masa riga, ya ji kamar ya nutse a ƙasa. Sai ga Alhaji Mati ya miƙe, takalmi a hannu, yana cewa, "Malaminka kake wa haka a gaban jama'a, ɗan banza?" Yaron ya dakata da karatun.

Malam Ilu ya tashi ya ce, "Alhaji, don girman Allah ka zauna. Ni na zaɓa, kuma ido biyu na zaɓa. A duk zaurena babu wanda ya kai ɗanka." Ya juya ya ce, "Lurwanu, ɗaga murya, na baya ba sa ji."

Ya koma ya zauna, ya sha dariyar nan har ƙarshe. Yaron ya ci gaba da rubutu duk tsawon rayuwarsa. Shi kuwa Malam har ya koma ga Mahaliccinsa bai san ko raini ne ko ƙauna ba, kuma bai taɓa tambayar yaron ba.

Ga darasin, 'yan'uwa. Adalci ba ya jiran sai ka gane nufin mutum. Mu kuwa yaya muke? Ɗanka ya faɗi magana, ba ka ma tabbatar da abin da yake nufi ba, ka yanke raini ne, ka toshe masa baki, sannan ka zo kana kukan yaran yanzu ba sa magana da iyayensu. Wanda ke ƙarƙashinka ya yi aiki mai kyau, amma don ya taɓa ka sai ka danne shi ka ɗauko wanda bai kai shi ba. Ba ka iya shiga zuciyar kowa, ni ma ban iya ba. Ba kuma a kan zuciyar wani za a tambaye ka ba. Za a tambaye ka ne, ranar da ranka ke ƙuna kanka ya ɗaure, ka ba mai haƙƙi haƙƙinsa ko ka danne? Allah Ya ba mu ikon yin adalci ko a kan kanmu ne.