Hoton Mai Jan Hankici

Dokta Maharazu likita ne a wani asibiti a Manchester, kuma kowa ya shaida ya iya aikinsa. Aibinsa ɗaya ne: cikinsa ba ya riƙe magana, ga son a ce shi ya fara sani. Matarsa Murja ta yi faɗa har ta gaji.

Tun yana yaro a Fagge yake mutuwar son Harnam Vadera, jarumin fim ɗin Indiya da Kanawa suka raɗa wa suna Mai Jan Hankici, saboda hankicin da yake ɗaurawa a wuya in zai yi faɗa. Shekara ashirin ke nan da jarumin ya bar fim, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Wata Talata da hantsi, Maharazu ya shiga duba marasa lafiya, sai ga jarumin kwance a gado. Wayyo duniya! Ya tsufa, ya rame, shanyewar ɓarin jiki ta karkatar masa da baki. A unguwar Selly Oak ta Birmingham yake zaune da 'yarsa Zoe, ziyara suka zo Manchester ciwon ya kayar da shi. Maharazu ya ba shi labarin Kano da sunan da ake kiransa, tsohon ya yi murmushi da rabin fuska.

"Kar ka gaya musu ka gan ni haka," ya ce da ƙyar. "Bar su da wancan mai hankicin."

Maharazu ya yi alkawari. Amma ina! Washegari ya tarar da shi yana barci, ya zaro waya ya ɗauki hoto, ya tura wa abokinsa Sunusi a unguwar Perry Barr ta Birmingham.

"Ga mutuminmu. Please, kai kaɗai."

"Haba, ka san ni," in ji Sunusi, ya jefa shi a group ɗin 'yan Kano.

Kafin la'asar hoton ya kai Kano, kafin Juma'a jaridun Indiya sun buga. Mutumin da ya yi fim saba'in, yanzu in an nemi sunansa karkataccen bakin nan ake fara gani. Bayan kwana tara ya rasu. Aka yi bincike, aka ƙwace lasisin Maharazu.

Ya hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham neman gafara. Zoe ba ta ce ya shigo ba.

"Ya ga hoton da idonsa," ta ce. "Daga ranar bai ƙara yarda a buɗe masa fuska ba."

Ta miƙo masa wani jan hankici da ya koɗe. "Tun ranar Talatar ya ce in bai wa likitan Kano wannan. Ni dai na cika."

A hanyar komawa ya buɗe hoton zai goge, sai ya ƙura masa ido. Ashe ba barci tsohon yake ba. Idonsa ɗaya a buɗe yake, yana kallonsa. Har yau, a gidansu na unguwar Gorton a Manchester, in ya rufe ido zai yi salla, idon nan yake gani.

Mai karatu, wanda ya kwanta a gabanka ba ƙarfi, mutuncinsa amana ne a hannunka. In har kana ƙaunar mutum da gaske, rufa masa asiri. Abin da yatsa ya tura cikin daƙiƙa ɗaya, kukan shekaru ba ya dawo da shi.