Wankin Kwana Uku da Dokta Ya Tsallake

Akwai wani masanin haɗa magunguna, jama'a, kowa Dokta yake ce masa. Ilimi kam akwai shi, amma girman kai kamar ya fasa rufin ɗaki.

A ɗakin bincikensa suna ƙera wani ɗan ƙwanso da ido ba ya gani, daga sinadari mai kama da roba da ake kira polima. A ciki ake ɗura maganin ciwon daji, ya kai shi har inda cutar take.

Sai dai aikin yana da ƙa'ida. In an haɗa ƙwanson, dole a tsoma shi a ruwa kwana uku ana canjawa, don dafin sinadaran haɗi ya fita. Wani dattijo ne ke wannan aikin shekara da shekaru, har ake tsokanarsa da Baba Mai Wanki.

Rannan asibitin da zai fara gwada maganin a jikin marasa lafiya ya matsa. Dokta ya ce a tsame bayan kwana ɗaya.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, bai wanku ba. Sauri ya haifi nawa. Ni dai ba zan sa hannu a takardar shaidar wanki ba."

Dokta ya yi tsaki. "Digiri nawa gare ka? Wanki aka ɗauke ka yi, ba wa'azi ba."

Ya fizge takardar ya sa hannu a gurbin Baba, aka rufe akwati aka tura asibiti.

Baba ya ɗebi ragowar maganin ya yi wa ɓerayen gwaji shida allura. Washegari sun daina ci. Kwana biyu, huɗu sun sanƙare a kusurwar keji. Ya ɗauko kejin ya dire a teburin Dokta.

Nan ne fa abin ya ba ni takaici. Bawan Allah nan ya gani da idonsa, gumi ya karyo masa, amma ya tuna sunansa da za a buga a jarida. Ya ce, "Kai su baya ka binne. In na ji maganar nan a waje, a bakin aikinka."

Ranar da za a fara gwajin, da hantsi, wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce, wadda ta goya shi ta biya masa makaranta. 'Yarta ta fari ta shekara tana fama da ciwon daji.

"Ƙanena, albishirinka! An sa 'yarka cikin masu gwada sabon magani. Na ɓoye maka ne don kada a ce alfarma ce. Da na ga sunanka a jikin akwatin sai hankalina ya kwanta. Yanzu za a ɗaura mata."

Inna lillahi! Ya kira asibitin, ba a ɗaga ba. Ko takalmi bai sa daidai ba ya fita.

Ya tarar da gadaje takwas a jere. Nas ta rataye ledar ƙarin ruwa mai ɗauke da maganin, tana neman jijiya a hannun yarinyar. Ya kwarma ihu, "Ku tsaya! Akwai dafi a ciki! Ba a wanke ba, ni na sa hannun ƙarya!"

Nas ta janye allurar. Ba a kai ga sa wa kowa ba.

Yayar ta taso a hankali. "Tun yaushe ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun shekaranjiya."

Ta dubi sauran gadaje bakwai, da iyayen da ke zaune a gefensu, sannan ta dube shi.

"Da ban kira ka ba fa? Su waɗannan ba 'ya'yan mutane ba ne?"

Aikin ya tafi, sunan ya zube. Amma abin da ya fi cin sa, har yau Yaya ba ta ƙara ce masa ƙanena ba.

Darasi: Kada ka raina gargaɗin na ƙasa da kai, kuma abin da ba za ka ɗura wa naka ba, kada ka ɗura wa ɗan wani. Ku tura wa duk wanda rayukan mutane ke bi ta hannunsa.