Jar Fitilar da Tsatsa Ta Shaƙe

Akwai wani mutum mai motar a-kori-kura, yana kai kayan gona kasuwa. A gaban sitiyarinsa akwai wata 'yar jar fitila mai aiki ɗaya tak: in baƙin mai ya yi ƙasa, ta kama da ƙarfi don a kashe inji. Wata rana ya ga ta soma ci dishi-dishi, kamar garwashin da toka ta rufe.

Sai ya kai motar wurin Habila mai gyaran wayoyin mota. Habila ya duba mai, ya tarar a cike. Ya yi ta bin waya har ƙarƙashin inji, ya fito yana kakkaɓe hannu.

Ya ce, "Maigida, injinka lafiya lau. Tsatsa ce ta ci bakin wayar nan. Bar mini motar zuwa yamma in kankare."

Mutumin ya ce, "Ka ce inji lafiya?"

"Lafiya, amma..."

"To, shi ke nan. Lodi na jirana."

Rabin maganar da ta yi masa daɗi ya ɗauka, ya bar wa Habila sauran. Wata da watanni fitila tana ci dishi-dishi. In wani ya tambaya, sai ya yi dariya ya ce, "Ai ado ce."

Ana nan sai ciwo ya kayar da mahaifiyarsa da rana tsaka. Ya ɗauke ta, ya nufi asibiti. A hanya dutse ya fasa ƙasan inji, mai ya yi ta tsiyaya. Fitila ta so ta kama da ƙarfi, tsatsa ta hana. Ya dube ta, ya ga yadda ya saba gani, ya ƙara taka totur. Inji ya buga a tsakiyar daji.

Tsohuwa ta ce, "Ɗana, mun iso ne?"

Ya ce, "Saura kaɗan, Mama."

Ba wata mota da ta bi hanyar sai yamma lis. Kafin nan tsohuwa ta cika a hannunsa.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga ta. Fitilar ita ce lamirinka. Wayar ita ce zumuncinka da Ubangiji. Tsatsar kuwa ƙananan zunuban da ka yi wa wurin zama: 'yar ƙarya, 'yar gaba, addu'ar da kullum sai gobe. Abin yana ci mini rai, domin mun ƙware wajen jin rabin wa'azi. A ce Allah mai jinƙai ne, mu ɗaga murya mu ce amin. A ce mu tuba, kowa ya fara laluben takalminsa. Ranar babban gwaji lamirin da ka shaƙe ba zai iya ihu ba, zai yi maka raɗan da ka riga ka saba rainawa. Abin baƙin cikin kuma, sau da yawa ba kai za a binne ba, wanda ya dogara gare ka ne.