Wanda ya sanar da mutuwar mai rai

An yi wani mutum, ɗan jarida ne da farko. A gidan jaridar da yake aiki akwai wani tsohon edita, mai tabarau ɗaure da zare, wanda ba ya sassauta doka guda: ba a buga sunan wanda ya mutu a hatsari sai an tabbatar, kuma sai iyalinsa sun fara ji daga bakin mutum.

Dokar nan ta ishi mutumin. Yakan ce, "Yallaɓai, kafin ka gama kiraye-kirayenka ai labari ya huce."

Editan yakan ce, "Bar shi ya huce. Ba mu da inda za mu."

Sai mutumin ya ajiye aikin, ya buɗe shafinsa a intanet. Ofishinsa teburin cin abinci ne, tsakanin kwanuka da littattafan yaransa. Kuma kada in zalunce shi, ya yi abin kirki. Shi ya dage da labarin famfon unguwa da manyan jaridu suka raina, har aka zo aka gyara. Mutane suka laƙaba masa Riga-kowa. Sunan nan ya shiga kansa.

Wata rana da hantsi wata motar haya ta kife. Wani ya turo masa hoton katin shaida da aka tsinta a wurin, na wani matashi mai gyaran firiji. Matarsa tana goge teburin, ta leƙo.

"Baban yara, ka kira asibiti tukuna mana."

"Kafin su ɗaga wani ya riga ni. Ɗan matsa, kin tare mini haske."

Ya sa hoton, ya sa sunan, ya rubuta cewa ya rasu.

Ya 'yan uwa, matashin nan bai mutu ba. Wucewa ya zo yi, ya tsaya ciro mutane daga motar, katin ya faɗo daga aljihunsa. Mahaifiyarsa tana shanya a tsakar gida, maƙwabciya ta faɗo mata da waya tana kuka. Tsohuwar tana fama da hawan jini. Nan ta faɗi, da jiƙaƙƙiyar rigar ɗanta a hannu. Kafin ya iso gida ta cika.

Mutumin ya goge rubutun. To, wa zai bi wayoyin jama'a ya goge? Ya rubuta ban haƙuri. Waɗanda suka yaɗa na farkon ko kallonsa ba su yi ba.

Bayan kwanaki matashin ya yi sallama a ƙofarsa. Bai zage shi ba. Ya ce, "Malam, lambata tana jikin katin nan, ƙasa da sunana. Ka gan ta?"

Mutumin ya gan ta. Ya sani sarai ya gan ta. 

Daga nan shafin ya mutu. Masu talla suka janye, masu karatu suka watse, ko gaskiya ya rubuta sai a ce a jira jarida ta faɗa. Amma ba wannan ya karya shi ba. In matarsa ta fito da wanki za ta shanya, sai ya tashi ya shige ɗaki. Ya daina zama a teburin nan.

Ya koma wurin editan, ba neman aiki ba. Ya ce, "Yallaɓai, yaya ake gyara irin wannan?"

Tsohon ya cire tabarau. Ya ce, "Mu ma muna kuskure, muna buga gyara. Wannan ban san shafin da ake buga gyaransa ba."

Ya 'yan uwa, laifin ba na shafi ba ne, jarida ma ba tsarkakakkiya ba ce. Bambancin shi ne can akwai mai riƙe hannunka, nan kuwa daga kai sai tsoron Allah. Wanenmu bai taɓa tura labari don dai ya riga wani ba? Ka tambayi kanka, uwar wa zai fara isa gare ta?

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mutane daga yatsunmu. Amin.