Gajera Mai Tsaron Baya

Akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha takwas da wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta ɗauka a matsayin mai tsaron baya. Ba ta da tsayi, shi ya sa tun ranar farko aka laƙaba mata Gajera.

A ƙungiyar akwai 'yar wasan gaba da ake kira Walƙiya, gwana ce, kuma ta san ita gwana ce. Kullum a wajen atisaye sai ta yanke Gajera ta bar ta zaune a kan ciyawa.

"A kawo mata kujera mana, ta gaji da zaman ƙasa!" in ji Walƙiya. Sai kowa ya kwashe da dariya.

Abin yana yi wa Gajera ciwo. Wata rana har ta yi kuka a ɗakin canza kaya. Amma washegari da aka tashi daga atisaye, sai ta tari Walƙiya da ƙwallo a hannu.

"Anti, don Allah ki ƙara yanke ni sau goma."

"Ke, lafiyarki ƙalau?"

"Ƙalau nake. So nake in gane yadda kike yi."

Walƙiya ta yarda don ta ƙara samun abin dariya. Sau goma ta zo, sau goma ta wuce. Gajera ta kakkaɓe wandonta ta ce, "Na gode, sai gobe."

Haka suka yi ta yi har wata huɗu. Tun Walƙiya tana tsokana har ta fara gyara mata: "Daina kallon ƙafata, ƙwallon za ki kalla. Kuma kar ki yi saurin kai ƙafa."

Duk wannan lokacin Gajera tana benci. Sai ranar wani babban wasa, wadda ke riƙe da gurbin tsaron bayan ta ji rauni. Koci ya waiwayo ya ce, "Gajera, tashi!"

Suna gaba da ci ɗaya, saura minti biyu, 'yar gaban abokan karawa ta kufce da ƙwallo, ba kowa tsakaninta da mai tsaron raga sai Gajera. Ta yi kamar za ta bi dama, Gajera ba ta motsa ba. Tana karkatawa hagu, Gajera ta zame ta ɗauke ƙwallon tsaf, ko taɓa ta ba ta yi ba.

Filin ya kaure da ihu. Ana busa tashi, Walƙiya ta rugo ta saɓa ta a kafaɗa tana cewa, "Ɗalibata ce! Ni na koya mata!"

A bakin ƙofa mahaifin Gajera, wani tela da bai taɓa shiga filin wasa ba sai ranar, ya tare ta yana washe baki.

"'Yata, ƙwallo nawa kika ci?"

"Ko ɗaya, Baba."

"To me ya sa suke ɗaga ki sama?"

"Hanawa na yi a ci."

Ya gyaɗa kai. "Ashe hanawa ma sana'a ce! Allah Ya yi miki albarka."

Tun daga ranar Gajera ba ta sake komawa benci ba.

Darasi: Wanda ya fi ka iyawa ba abokin gaba ba ne, ko da yana yi maka dariya. Ka danne zuciya ka koya a wurinsa. Ku tura wa duk wanda aka raina har yake shirin sarewa.