Soron Iya Kande

An ruwaito a littattafan mutanen da, waɗanda gara ta ci rabi ta bar mana rabi, cewa an yi wani sarki a birnin Kurmin Dawa, sunansa Jatau. Mahaifiyarsa, Iya Kande, tana da wani soro da ya tsage har kaji na shiga ta bango. Magina suka ce ruwan farko ne zai kwantar da shi a kanta. Iya ta ce, "Nan na haife ka, nan ubanka ya cika. Ba inda za ni."

Sarki ya kasa cin tuwo. Ya tara fada ya ce, "Wa zai yi wa tsohuwata sabon ɗaki ba tare da ta rabu da tsohon ba?"

Waziri Barmo ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a lallaɓa ta ta tafi ziyara, a rushe, a kwashe ɓaraguzan a zubar, a haƙo sabuwar ƙasa. Ta yi kukanta ta gaji."

Sai wani falke ya yi gyaran murya, Madugu Tanko, wanda ake wa kirari da Ba-a-yarwa, don rigarsa faci ya fi yadi yawa. Waziri ya ce, "Mai wannan riga ne zai koya mana gini?"

Madugu ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, a fataucina na sauka wurin wani attajiri. Ya rushe gidan ubansa, ya jibge ɓaraguzan a hanyar ruwa, ya haƙa ƙaton kududdufi bayan gida ya ɗebi sabuwar ƙasa ya gina sabon gida. Da sama ta sako, ruwa ya zo ya tarar an tare masa hanya. Ruwa kuwa ba ya kai ƙara. Ya juya ya cika kududdufin, kududdufin ya ci gindin katanga. Da na dawo daga Gwanja, kwaɗi na tarar suna sarauta a zaurensa."

Sarki ya ce, "To, me ka gani?"

Madugu ya ce, "A rushe soron a gaban idon Iya. A jiƙa ƙasar, a zuba ciyawa, a tattake, a yi tubali da ita. Ƙasar da ta taɓa zama bango ta san aikin. Azara kuwa, wadda gara ta lasa ta bari ta fi ta daji."

Haka aka yi. Aka kafa wa Iya rumfa, ta zauna da sandarta tana gadi, ko dunƙule ɗaya bai fita gidan ba. Waziri da kansa ya naɗe wando ya shiga kwaɓi, Iya na cewa, "Taka da kyau, Barmo, ba rawa aka sa ka ba!"

Ran da ruwan farko ya sauka, Iya ta shiga sabon soron, ta shinshina bango ta ce, "Shi ne." Sai ta ɗaga kai ta ga an ɗaga itacen kan ƙofa don rawanin sarki ya wuce. Ta ce, "Ku maido shi inda yake. Duk garin nan, nan ne kaɗai yaron nan ke sunkuyawa."

Sarki ya yi dariya har da hawaye, ya naɗa Madugu Sarkin Ɓaraguzai, ya ba shi sabuwar riga. An ce ya ninke ta ya ajiye, wai tsohuwar rigar ba ta gama aiki ba.

Masu littafin suka ce, kafin ka haƙa rami neman sabo, dubi abin da ka rushe. Allah ne masani, ni dai iyakar inda gara ta bari ke nan.