Manomin da Ya Hana Kwamfutarsa Tambayar Lokaci

Akwai wani mutum mai noman albasa a bakin dam. Manoman wurin suna da yawa, saboda haka ake sakar wa kowa ruwa bi da bi, rabin awa kowace safiya. In lokacinka ya wuce, ya wuce, sai gobe.

Mutumin nan yana da kwamfuta a ɗakin gona, ita ke buɗe ƙofar ruwa. Agogon bango da ƙararrawar gona duk daga wurinta suke karɓar lokaci. Ita kuma kowace safiya takan tambayi babban agogon masu dam, ta gyara kanta, ta yi 'yar ƙara.

Ƙarar nan ta dame shi. Ya ce, "Sabuwar na'ura, kullum gyara, kullum gyara? Ai ta san aikinta." Ya zare wayar da take tambaya da ita.

Jikokina, ba ta tsaya ba fa. Baya ta riƙa yi kaɗan kaɗan, yau minti guda, gobe minti guda. Ruwa ya zo, ƙofa a rufe. Kafin ta buɗe an kusa ɗauke shi.

Ganyen albasa ya fara yin rawaya. Mutumin ya kasa zama. Ya tona magudana, ya zargi maƙwabci, ya zargi taki. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya sake shiga. Ya duba agogon bango, ya saurari ƙararrawa, ya duba kwamfuta, duk bakinsu ɗaya. Ya ce, "Lokaci dai lafiya lau yake."

Matarsa ta kawo masa kunu, ta tarar yana ta zagaye. Ta ce, "Maigida, agogon bangon nan wa ya gaya masa lokaci?"

"Kwamfuta mana."

"To ita fa, wa ta tambaya?"

Ya je ya mayar da wayar. Nan take lokaci ya yi tsalle da minti ashirin da biyar. Washegari ruwa ya shiga gona sosai, amma kunyoyin ƙarshe sun riga sun bushe, ba su tashi ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: kwamfutar nan zuciyarka ce. Bakinka da hannunka da ƙafarka daga wurinta suke karɓar umarni, don haka ba za su taɓa ƙaryata ta ba. Babban agogo Maganar Allah ce. Ni kakarku ban yi boko mai nisa ba, amma na ga mutanen da suka bar Ubangiji, kuma ba wanda ya bar shi rana ɗaya. Addu'ar safe ce ta fara zama musu damuwa, don tana gyara su.

Kai da ka ce zuciyarka ba ta zarge ka ba, yaushe rabonta da ta tambaya? Ku buɗe Littafi kowace safiya, ku yarda ya gyara ku tun kuskuren yana minti guda.